An ce ƙarancin bangaskiyata ne ya hana 'yata warkewa

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu. Ni 'yar kudancin Kaduna ce, muna zaune a Agege ta Legas ni da maigidana da yara uku. A da acaɓa yake yi a Ikeja, da aka hana sai ya koma gadi, ni kuma ina suyar ƙosai da awara a bakin layi. 'Yarmu ta fari, mai shekara tara, tana faɗuwa tun bara waccan: ta sandare, jiki ya yi ta karkarwa, kumfa na fita a baki. Mun taɓa kai ta asibiti, aka rubuta magani aka ce mu je gwajin ƙwaƙwalwa. Magani ya ƙare, kuɗin gwaji ya gagara, ba mu koma ba. Wata maƙwabciya ta kai ni wani gidan addu'a. Mai wurin ya yi wa'azi a kan macen nan Bakan'aniya ta cikin Littafi Mai Tsarki da ta roƙi Yesu ya warkar da 'yarta, ya ce ita ta nace ta samu, ni kuwa bangaskiyata ce ƙarama. Ya ce shan magani shakka ne, in kawo baikon da suke kira iri na naira dubu hamsin. Na sayar da zannuwana na kai, yarinya ta sake faɗuwa. A majami'armu da Yarbanci da Turanci ake sujada, a baya nake zama, ba wanda ya san halin da nake ciki. Maigidana ya gaji, ya ce a kai ta gida wurin mahaifiyarsa a yi na gargajiya. Mama, ni ce na hana ta warkewa? Kuma don me Yesu ya kwatanta matar nan da kare? Wani lokaci haka nake jin kaina a garin nan.

Wata 'yar'uwa daga Agege

'Yata, sannu da ɗawainiya, sannu ƙwarai. Bari in fara sauke miki babban kayan tukuna: ba ke kika hana yarinyar nan warkewa ba. Uwar da ta tashi da asuba ta soya ƙosai, ta goya yarinya mai shekara tara zuwa danfo, motar hayar Legas, ta cire zanenta ta sayar, ba a zaunar da ita a yi mata wa'azin naci. Nacin kina da shi tun kafin ki taka ƙofar mutumin nan. Abin da ya faru shi ne an karkatar da shi inda ba zai haifa miki komai ba, kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙo masa sai ya kama. Ban ga laifinki a nan ba.

Ki ɗauko Littafi Mai Tsarki ki buɗe Matiyu 15:21-28, ki karanta da kanki a hankali, sannan ki duba yadda Markus ya ba da labarin a 7:24-30. Yesu ya fita daga ƙasar Galili ya shiga yankin Taya da Sidon, garuruwan bakin teku da yau suke cikin ƙasar Lebanon. Markus ya ce ya shiga wani gida ba ya son kowa ya sani. Sai ga mace ba Bayahudiya ba, ba wanda ya gayyace ta, tana ɗaga murya a kan 'yarta da aljani ke wahalarwa. Da farko bai ce mata uffan ba. Almajirai suka ce ya sallame ta, ta ishe su da kuka. Da ya yi magana, cewa ya yi ga ɓatattun tumakin gidan Isra'ila aka aiko shi. Ta zo ta durƙusa ta ce ya taimake ta. Ya ce bai kyautu a ɗauki abincin 'ya'ya a jefa wa karnuka ba. Ta ce gaskiya ne, ya Ubangiji, amma ai karnuka ma suna cin gutsattsarin da ke faɗowa daga teburin iyayengijinsu. Nan ya ce mata bangaskiyarta babba ce, ya zama mata yadda take so.

Yanzu ki tambayi kanki: me matar nan ta kawo a hannunta? Ba kuɗi, ba zane, ba kwalbar mai. Ko yarinyar ma ba ta zo da ita ba, a gida ta bar ta, kuma a gida ta koma ta tarar da ita kwance a gado lafiya. Ba ta san Attaura kamar Farisiyawa ba, ba ta da wurin zama a majami'a, ko na baya irin naki. Abin da ta riƙe guda biyu ne kawai, cewa wannan mutum yana da iko kuma yana da jinƙai, ta ƙi barin shirunsa ya canza mata wannan ra'ayi. Shi ne abin da aka yaba. Wanda ya karanta wannan aya ya fito da lissafin naira dubu hamsin, daga aljihunsa ya samo lissafin, don babu shi a shafin.

Maganar karnuka kuwa, ba zan shafa mata zuma ba, magana ce mai nauyi. Masu bi sun daɗe suna juya ta, kuma ina ganin gara mutum ya yarda tana da zafi da ya yi kamar bai ji ba. Ga yadda nake karanta ta. Haka Yahudawa da yawa na zamanin suke kallon al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kuma almajiran da ke tsaye a wurin sun riga sun nuna abin da ke ransu da suka ce a kore ta. Yesu ya fito da wannan tunani fili a gabansu, ya bar mace baƙuwa ta amsa, sannan ya ba ta gaskiya a bainar jama'a. A ruwayar Markus ma cewa ya yi a bari 'ya'ya su fara ƙoshi tukuna, wato zancen wanda za a fara zuba wa ne, ba a ce tukunyar ta ƙare ba. Ki lura da abin da ke kewaye da labarin. Gab da shi, Yesu ya gama koyar da cewa abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantar da mutum. Bayansa kaɗan ya ciyar da mutum dubu huɗu har aka kwashe ragowa kwando bakwai. Matiyu ɗin nan da ya kira ta Bakan'aniya shi ne ya buɗe littafinsa da jerin kakannin Yesu, ya sa Rahab ta Yariko da Rut mutuniyar Mowab a ciki, ya kuma rufe shi da umarnin a almajirtar da dukan al'ummai. Mutum biyu ne a Bisharar Matiyu Yesu ya yaba wa girman bangaskiyarsu haka, ita da jarumin sojan Roma na sura 8, kuma dukansu bare ne. Idan kin ga kanki a jikin matar nan, to ki bi ta har ƙarshen labarin, kada ki tsaya a tsakiya inda aka faɗi kalmar da ta sosa miki rai.

Amma akwai inda nake so ki yi hattara, don nan ne masu irin wannan wa'azi suke zamewa. Labarin bai ce duk wanda ya nace zai samu warkarwa a ranar ba, duk wanda bai samu ba kuma laifinsa ne. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Shi Bulus ɗin ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya, ya kuma rubuta wa Timoti shawara a kan ciwon cikinsa da yawan laulayinsa. Wa zai ce waɗannan ba su da bangaskiya? A Yahaya sura 9 almajirai sun tambaya zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Akwai kuma uban nan na Markus 9, wanda ɗansa yake faɗuwa yana kumfa kamar taki, da ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Da rabin ƙarfi ya zo, ba a kore shi ba. Ranar da kika kasa haɗa addu'a mai tsawo, wannan ta ishe ki.

Batun kuɗi kuma Littafi bai bar mu cikin duhu ba. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, shi ma baƙo ne da ya zo neman warkarwa daga kuturta. Ya zo da talanti 10 na azurfa, da shekel 6,000 na zinariya, da riguna 10. Elisha ya rantse ba zai karɓi komai ba. Baransa Gehazi ya bi bayan baƙon a ɓoye ya karɓa, kuturtar ta koma kansa. Yana cikin 2 Sarakuna sura 5. Don haka kada ki koma gidan addu'ar nan. Ba sai kin yi faɗa da kowa ba, ba sai kin je neman a dawo miki da kuɗi ba, don da wuya ki samu, kuma ƙarfin da za ki ɓata a can yarinya tana bukatarsa. Maƙwabciyar da ta kai ki, ina kyautata zaton tausayi ne ya sa ta, wataƙila ita ma nata kuɗin sun tafi a wurin. Ki gode mata, ki ce kun koma asibiti. Abin da ba zan yafe wa mai wurin ba shi ne cewa da ya yi a bar magani, domin wannan magana tana iya kashe yaro.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da farfaɗiya, likita ne zai tabbatar. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa: saƙonnin da ƙwayoyinta ke aika wa juna kamar lantarki sukan rikice na ɗan lokaci, sai jiki ya ƙwace. Yakan biyo bayan wahalar haihuwa, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko buguwa a ka, sau da yawa kuma ba a gano musabbabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta kwano, ko ta kwana ɗaki ɗaya. Na san za ki ce to iskokai fa, ai suna cikin Littafi. Suna ciki. Amma Matiyu 4:24, da yake lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu, ya ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Kuma bisharar da ta iso ƙasarku da asibiti ta zo a hannu ɗaya. Na Vom da ke Filato tun 1922 yake. Iyayenmu da suka karɓi bangaskiya ba su taɓa ganin allura a matsayin shakka ba.

To ga inda nake so ki kai nacin naki. Ki nemo katin asibiti na farko da kwalin maganin da ya ƙare, ko takardar da aka rubuta shi. Ki fara da babban asibitin gwamnati da ke kusa da ke, irin na Orile-Agege, ki ce kina son takardar tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwar yara. Asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ya fi kusa da ku, akwai kuma na LUTH a Idi-Araba, unguwar da ba za ki rasa mai jin Hausa ba ko a bakin ƙofa. Gwajin da aka ce ku yi, mai yiwuwa EEG ne, wanda ake manna wayoyi a kai a auna aikin ƙwaƙwalwa, ba zafi ba allura. Idan kuɗinsa bai haɗu ba, ki faɗa wa likita haka kai tsaye. Sau da yawa bayanin wanda ya ga faɗuwar ya isa a fara magani, gwaji ya biyo baya. Shi ya sa idan ta sake faruwa, wani ya riƙa kula da ita, wani ya ɗauki bidiyo da waya a nuna wa likita. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta rana, da lokaci, da tsawon faɗuwar, da ko ta yi zazzaɓi ko ta rasa barci. Magungunan suna da yawa, akwai carbamazepine, akwai sodium valproate, akwai phenobarbitone mai sauƙin kuɗi, kuma kowanne da irin faɗuwar da ya dace da ita, don haka kada ki saya a kemis da ka. Ki ce wa likita ya rubuta wanda aljihunku zai iya ɗauka kowane wata, domin maganin da ake sha kullum ya fi mai tsada da ake sha ana fashi. Tsayar da shi farat ɗaya yakan jawo faɗuwa mai tsanani. Idan aka yi kamar shekara biyu ba faɗuwa, likita ne zai duba ko a fara ragewa a hankali. Ki kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, da inshorar lafiya ta jihar Legas da ake kira Ilera Eko, ki ji abin da take ɗauka.

A waɗannan wurare za ki haɗu da layi, za a ce ki dawo mako mai zuwa, wani zai yi miki magana da Yarbanci ya juya baya. A nan ne za ki tuna da Bakan'aniyar. Ki sake tambaya, da ladabi, ki ƙi tafiya sai kin san ɗakin da za ki shiga da ranar da za ki dawo. Ki tafi da wanda ya iya Yarbanci ko Turanci sosai idan kin samu.

Idan ta faɗi a gida, ki janye ta daga wuta da kaifi, ki sa tsumma ƙarƙashin kanta, ki juya ta kan haƙarƙarinta. Kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a danne ta, kada a ɗura mata komai, ko ruwa ko manja, balle haɗin fitsarin saniya da wasu ke ba yara a wannan yanki, wanda guba ne. Idan ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta sake kamawa ba ta farfaɗo ba, asibiti nan take. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Sana'arki ma ta sa ni tunani: kasko da tafasasshen mai da yarinya mai faɗuwa ba sa zama wuri ɗaya. Ki ba ta aikin karɓar kuɗi ko naɗe takarda, nesa da murhu, kuma kada ta je ɗibar ruwa a rijiya ita kaɗai.

Maigidanki kuma, ki sassauta masa a ranki. Mutumin da dokar hana acaɓa ta Yunin 2022 ta raba da sana'arsa, ya koma kwana a ƙofar gidan wani, ya dawo ya tarar da 'yarsa a ƙasa ba abin da zai iya yi, gajiyarsa da kunya take haɗe. Da ya ce a kai ta gida, hanyar da ya sani ce ya nuna, shi ma nema yake. Kada ki ce masa mahaifiyarsa ba ta san komai ba, nan zancen zai mutu. Ki zaɓi ranar da ya huta ya ci abinci, ki faɗa masa gaskiyar kuɗin zannuwan idan bai sani ba, sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ya ba asibiti wata shida ana shan magani ba fashi, kuma ya bi ku ganin likita ko sau ɗaya ya ji da kunnensa. Ki kira surukarki da kanki ki gaishe ta, ki ce addu'arta kuke nema a kan jikarta. Tsohuwa idan an ba ta matsayinta takan zama mai tsaya miki. Idan kuwa zaman Legas ya gagara har dole yarinya ta koma gida, ba ƙarshen hanya ba ne, akwai asibitin koyarwa a Jos da na Shika a Zariya. Sharaɗin shi ne ta tafi da takardar likita da maganinta, a kuma samu mutum ɗaya a gidan da zai ɗauki nauyin ba ta safe da yamma. Ni dai na fi son ta zauna kusa da ke.

Saura majami'a. Abin da kike ji a bencin baya tsoho ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi da ke jin Helenanci, wato harshen Girka, sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri ba, sun sa aka zaɓi mutum bakwai su gyara rabon. Sai da aka yi magana aka gyara. Ban san mutanen majami'arku ba, amma ina zargin yawancinsu ba ƙin ki suke yi ba, ba su san komai ba ne, ke ma kina fita da zarar an yi albarka. Ki samu matar fasto bayan sujada ki faɗa mata, ko da Turancin kasuwa ne. Da wuya a rasa nas ɗaya a ikkilisiyar Legas. Ban da haka, ki nemi inda ake sujada da Hausa, irin ikkilisiyoyin ECWA da COCIN da ke Legas, ki shiga zumuntar mata. Mace tana bukatar wurin da za ta yi kuka da harshen da take mafarki da shi, kuma matan zumunta sun iya adashe, sun iya ziyarar marar lafiya. Yakubu 5:14 ya ce marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai. Ki kira su gida, ba ko kwabo a ciki. Maƙwabtanki Musulmi na Agege ma kada ki cire su daga lissafi. Hajiyar da ke sayen ƙosanki ta girme ki a garin nan, ta san wane ɗan unguwa ke aiki a wane asibiti, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ita yarinyar fa, wa ya yi mata bayani? Shekara tara ta isa ta ji ana raɗa a kanta, ta kuma ga an kai ta gaban jama'a ana ihu. Ki zaunar da ita ki ce mata ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani, ba ta yi laifin komai ba, Allah kuma bai yi fushi da ita ba. Kada a cire ta daga makaranta. Ki je ki ga malamarta, ki nuna mata yadda ake kwantar da ita idan ta faɗi, ki bar lambar wayarki da ta babanta. In kuna shirin tafiya gida Kirsimeti, ki sayi maganin da zai kai ku har ku dawo da ragowa, ki sa shi a jakar hannu, kada ya shiga buhun da ake ɗaurewa a saman mota. Ina yi muku addu'a, 'yata. Ki rubuto mini abin da likita ya ce, da sunan maganin da aka ba ta.